Saura Kwana Goma Sha Huɗu

Likita Ossandón ya zana mini tumbina a bayan takarda,
ya ja layi, ya ce wannan gefen za su cire,
abin da zai rage ba zai fi ayaba guda ba.
Na ninke takardar, na cusa a aljihun rigar aiki,
inda nake zuba canjin masu sayen burodi.

Sun ce sai hanta ta motse tukuna
kafin wuƙa ta sami hanyar wucewa.
Hanta! Shekara hamsin da ɗaya tana aiki cikin duhu,
ban taɓa ce mata sannu ba,
yau ga ni ina lallashinta da romo marar gishiri.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romonsa.
Ni romon aka miƙo mini,
dutsen yana nan zaune a ƙirjina.

Ƙarfe huɗu na asuba nake hura tanda,
kamar yadda uwata ta yi a kan wannan tudu na Valparaíso.
Hannuna cikin ƙullu, bakina a kulle.
Burodi na fitowa yana huci,
ɓawonsa na tsagewa a hankali
kamar yana kiran sunana, Fresia, Fresia,
ni kuwa na juya masa baya, ina ƙirga tire.

Matar da ke duba tunani ta tambaye ni ranar Talata:
yaushe kika fara ci ba don yunwa ba?
Na yi dariya, dariyar ta ƙi ƙarewa daidai.
Uwata ba ta yarda burodi ya kwana a shara ba.
Abin da bai sayu ba, ni ce kwandonsa,
tun ina 'yar shekara tara.

Matakala ɗari da sittin da biyu ne daga shago zuwa gida.
Da, a ta arba'in nake tsayawa,
in yi kamar jiragen ruwa nake kallo.
Jiya sai da na kai ta sittin da ɗaya.
Ban gaya wa kowa ba.
Teku kaɗai ya gani, shi kuma ba ruwansa.

Sun ba ni wata 'yar roba mai ƙwallaye uku,
in ja numfashi, su tashi sama.
Biyu na tashi, ta ukun ta yi zamanta.
Jikana Baltasar ya karɓa, ya ɗaga duka ukun,
ya tafi yana taƙama kamar ya ci gasa.

Eduvigis ta maƙwabta ta ce na zaɓi hanya mai sauƙi.
Ta faɗa tana tauna kek ɗina.
Ban tanka ba. Ta zo ta ɗauki jikin nan kwana ɗaya,
ta hau motar haya da shi,
ta ga yadda ido ke auna mutum kafin ya zauna.

Takardar sa hannu shafi shida ce.
A shafi na huɗu suka ambaci mutuwa,
da ƙananan haruffa, cikin ladabi.
Daren nan na zaunar da 'yata Ximena,
na faɗa mata awon gishiri da na ruwa,
da yadda ake gane ƙullu ya tashi ba tare da agogo ba.
Ta ce, Mama, me ya kawo wannan yanzu?
Na ce, rubuta dai.

Jakata na bakin ƙofa tun yanzu:
silifa, rigar barci, man leɓe,
da ƙaramin cokalin da na yaye Ximena da shi.
Sun ce da irinsa zan koma koyon ci.
Na wanke shi, na goge,
na daɗe ina juya shi a tafin hannuna.
Gobe saura goma sha uku,
kuma akwai ƙullun da ke jirana.